Kujerar Gaba ta Motar Sintiri

Lungelo Makasi ya rasu ranar Lahadi da la'asar, yana zaune a kujerar roba a ƙofar gidansa da ke unguwar Luxolweni, rediyo na ta zuba a gefensa. Litinin da hantsi matarsa Nomawethu ta aika a kira mata Kyaftin Fezile Ndongeni mai ritaya. Ya same ta inda ake samun duk matar da mijinta ya mutu: a kan katifa a ƙasan ɗaki, an fitar da gado, matan coci sun kewaye ta. Ya rusuna ya yi mata gaisuwa, aka miƙa masa benci a bakin ƙofa.

"Bhuti Fezile," ta ce, wato Yaya Fezile da yarensu, ba ta ko ɗago kai ba, "wasiyya ɗaya ya bari. Ya ce a binne shi a matsayin ɗan sanda. Tuta a kan akwati, masu kaki su raka shi. Kai ne babba a ƙungiyar 'yan sanda, maganarka suke ji. Asabar za a kai shi."

"To, Sisi, za a duba," ya ce, yana kiranta 'yar'uwa da yaren nasu.

"Ban ce a duba ba."

Fezile ya sha shayin da aka kawo masa, ya yi sallama ya fita. Rabon Lungelo da kaki shekara ashirin da tara. Gadin ƙofar mayankar gari ya yi ta yi har ƙafafunsa suka gaza. Amma duk wanda ya girma a Grootdrif ya san dalilin da ya sa aka tuɓe masa kakin, ko dai ya san rabin dalilin.

A wancan zamanin, baƙin ɗan sanda a caji ofis na Grootdrif yana da kofinsa na langa a rataye a ƙusa, Turawa na shan nasu shayin a tangaran. Ƙofar da yake shiga daban, bayan gidansa daban. Ko shekara ashirin ya yi yana aiki, yaro Bature da ya fito makarantar horo jiya shi zai ba shi umarni. Duk wannan an haɗiye. Abin da ya ƙi haɗiyuwa shi ne motar sintiri. Kujerar gaba ta Turawa ce, in kuwa akwai gurbi to na kare ne. Baƙin ɗan sanda a baya yake shiga, cikin keji, tare da ɓarayin da ya kamo da hannunsa, a kuma zura sakata daga waje kamar shi ma kamo shi aka yi. Hanyoyin gonakin nan ba kwalta, mutum ya yini kansa na bugun rufin ƙarfe, ya dawo gida yaran unguwa na yi masa dariya, manyan unguwa na tofa masa yawu don yana yi wa gwamnatin Turawa aiki. Ba tsuntsu ba tarko.

A watan Maris na 1990, da labarin sabuwar ƙungiyar ƙwadagon 'yan sanda ya iso daga manyan birane, mutum goma sha tara suka fito fareti da safe. Aka ce su hau mota, suka zauna a ƙasa. Lungelo bai zauna a ƙasa ba. Tattaki ya yi har gaban motar, ya buɗe ƙofa, ya ɗauke bargon kare ya ajiye a gefe, ya hau kujerar gaba ya harɗe hannu. An kore su duka a ranar. Bayan shekara uku, da iska ta juya, aka mayar da sha takwas bakin aiki. Lungelo kam an riga an yi masa shari'a daban kan yunƙurin sace motar gwamnati, ya yi wata shida a kurkuku, wanda ya taɓa zaman kaso kuwa ba ya sake sa kaki.

Fezile sajan ne a lokacin. Ba ya cikin sha taran. Da mulki ya canja kowa ya shiga ƙungiya, shi ma ya shiga, ya yi ta hawa har ya kai kyaftin. Yaran da suka zo daga baya suka ji cewa yana Grootdrif a 1990, ga furfura, ga rashin son magana, shi ke nan suka yanke hukunci cewa yana cikin jaruman. Bai taɓa cewa yana ciki ba. Bai kuma taɓa cewa ba ya ciki ba. Kowace shekara a taron tunawa sai a kamo hannunsa a zaunar da shi a sahun farko, a rera masa waƙa, shi kuma ya sunkuyar da kai, su ɗauka tawali'u ne.

Ofishin reshen ƙungiyar wata kwantena ce a bayan caji ofis, da zafi kamar tanda. Sakatariyar reshe, Sajan Khanyisa Dlova, mai binciken laifuka ce, shekararta talatin da ɗaya, kuma ba ta iya barin magana a rabi ba. Tana ganinsa ta miƙe. Tata take kiransa, wato Baba.

"Tata Ndongeni! Ka zo a daidai. Duba fankar nan, wata huɗu muna rubuta takarda. Motoci uku gare mu, biyu na kan duwatsu. Rigar sulke guda shida ga mutum arba'in, har ta mata babu. Ku kun yi naku yaƙin, mu ga namu."

Ya zauna ya gaya mata abin da ya kawo shi. Ta jawo wani fayil mai kauri. Ƙa'ida a fili take, in ji ta: duk wanda aka kora saboda ƙungiya ana yi masa jana'izar girmamawa ko bai koma aiki ba, muddin sunansa na cikin jerin hedikwata. Ta bi jerin da yatsa, sunaye sha takwas, ta sake bi.

"Babu Tata Makasi." Ta ƙara dubawa, sai ta zaro ido. "Kai! Tata, ai kai ma babu sunanka! Ka ga sakacin mutanen hedikwata? Shekara nawa muna karanta sunayen nan a taro, ba wanda ya lura. Bari kawai, mu gyara duka biyun a takarda ɗaya. Allon tunawa da za a kafa baɗi, sunanka da nasa za su hau tare."

Fezile ya dubi fankar da ba ta juyawa.

Ta buga waya hedikwata, ta buga wa ofishin kwamishinan lardi, yana zaune yana jin rabin maganar. Da ta ajiye, fuskarta ta canja. Shaida biyu da suka ga abin da ido sun isa a sa suna a jeri. Amma tuta ta gwamnati ce, kuma kwamishina ba zai ɗora ta a kan akwatin wanda kotu ta kira ɓarawon mota ba, sai in jami'in da ya rubuta ƙarar tun farko ya rantse cewa ba sata ba ce. Fayil ɗin shari'ar kuwa yana cikin takardun da aka ƙone kafin a miƙa mulki.

"Laftanar ɗin nan ne ya rubuta, ko? Van Tonder?" ta tambaya. "Wanda ya mutu a gidan tsofaffi?"

"Ya mutu," in ji Fezile. Wannan kam gaskiya ce.

"To an gama da mu. Sai dai mu kai fure da rigunan ƙungiya. Amma ka je wajen Oom Willem, ko sunan ma a samu."

Willem Jantjies, wanda ake kira Oom, wato Kawu, shi kaɗai ya rage a cikin sha takwas ɗin. Ciwon suga ya cinye masa ido, bai taɓa masa harshe ba. Laraba da rana Fezile ya same shi a ƙarƙashin bishiyar ɓaure a bayan gidansa, yana ɓare lemo da wuƙar aljihu.

"Wa nake jin takunsa kamar mai bin sahun ɓarawon akuya? Af, jarumin ƙungiya ne! A kawo kujerar gaba!"

"Willem, ba wasa ya kawo ni ba."

"Ni ma ban taɓa yi maka wasa ba, Sajan. Kai ne kake ɗauka wasa ne."

Shi kaɗai a duniya yake kiransa Sajan har yau. Fezile ya faɗa masa yadda ake ciki. Willem ya yar da ɓawon lemo, ya jefa ɓari a baki, ya tauna, ya tofar da ƙwallo.

"Shaida zan bayar. Zan ce na ga Lungelo a kujerar gaba, kare na leƙensa ta taga yana mamaki. Zan ce wani sajan ya fizgo shi. In yarinyar ta tambaye ni wane sajan, zan ce ido ya tafi, ƙwaƙwalwa ta bi shi. Shekara ashirin da tara ban tona ka ba, ba yau zan fara ba."

"Me ya hana ka?"

"Lungelo ya hana. Ya ce a bar ka, kaya ne ka ɗauka, kai za ka sauke. Ni da son raina ne da tuni na yi maka tsirara a gaban yaran nan suna tsakiyar waƙa." Ya miƙo masa ɓarin lemo a iska, ba daidai inda yake zaune ba. "Karɓi. Kana da 'ya'ya huɗu a lokacin, mun sani. Mu ma ai ba duwatsu muka haifa ba."

Fezile ya karɓi lemon, ya riƙe shi a hannu har ya isa gida. Tsoro yake ji, tsoro irin na tsoho, wanda ba na duka ba ne ko na ɗauri. Jikarsa tana makarantar horon 'yan sanda, tana gaya wa ƙawayenta ko jikar wace ce ita. A coci shi ke riƙe makullin ɗakin taro. A shekara saba'in da biyu mutum ba ya sake gina suna, wanda yake da shi ne zai kai shi rami. Kuma ba wanda zai tilasta masa. In ya yi shiru, Asabar za ta zo ta wuce, a binne Lungelo da fure, baɗi a sassaƙa sunan Ndongeni a dutse.

Alhamis da safe ya jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonsa. Ɗan sanda na iya yar da komai, amma ban da littafin aljihunsa, wanda aka koya masa tun yana kurtu ya rubuta duk abin da ya yi da lokacin da ya yi shi. Nasa suna nan a ɗaure da roba, shekara bayan shekara. Ya zaro na 1990. A ƙasan akwatin kuma, cikin jakar leda, akwai wata hular kaki da ba tasa ba. Ya ɗauki duka biyun.

A ransa ya shirya abin da zai faɗa: yana wurin, ya ga Lungelo bai taɓa makulli ba, bai tayar da mota ba. Watakila hakan ya isa. Watakila kwamishina ya yi sassauci. Da ya isa ofishin ƙungiya ya zauna, ya bar jakar a ƙasa tsakanin ƙafafunsa.

Khanyisa ta ɗauko takardar rantsuwa ta cire murfin biro. Da ta zauna a bayan tebur sai ta daina zama 'yar ƙungiya, ta koma mai bincike, ita kanta ba ta san ta canja ba.

"Suna, shekaru, adireshi." Ya faɗa. "Ranar da abin ya faru, ƙarfe nawa?"

"Bakwai da kwata."

"Kana ina?"

"Filin fareti."

"A ina a filin, Tata? Ka san ba a karɓar bayani sai an san inda mai shaida yake tsaye. Kana zaune a ƙasa tare da sauran?"

Shi ya koya wa ɗaruruwan yara wannan tambayar. Mai ƙarya yana iya tsara abin da ya gani, amma da wuya ya tuna ya tsara inda ƙafarsa take.

"Ina tsaye."

"A ina?"

"Kusa da Laftanar Van Tonder. A damansa."

Biron ya tsaya. Ta ɗago ta dube shi, ta mayar da ido kan takarda. "Taku nawa daga motar?"

"Da farko goma. Daga baya babu ko ɗaya."

Ya sunkuya ya ɗauko littafin, ya buɗe shafin, ya juya mata shi. Rubutunsa na lokacin ƙanana ne, a tsaye, ba gogewa ko ɗaya. Ta karanta a hankali. Bakwai da minti ashirin, bisa umarnin laftanar, na fitar da Kurtu Makasi daga mota. Bakwai da ashirin da biyar, na sa shi a baya na kulle. Tara daidai, na rubuta ƙarar yunƙurin sata.

"Makullin motar yana aljihun Van Tonder tun safe," in ji Fezile. "Na sani a lokacin da nake rubutawa. Rubuta haka."

Khanyisa ta rubuta. Ta rubuta komai, shafi biyu da rabi, ba ta yi tambayar da ta wuce ta aiki ba. Ta karanta masa daga farko, ya ɗaga hannun dama ya rantse, ya sa hannu a kowane shafi, ta buga hatimi. Sannan ta jawo takardar da ta riga ta shirya ta neman a ƙara sunaye biyu a jeri, ta ɗora rula, ta ja layi a kan na biyun.

"Za a karanta wannan a taron reshe, Kyaftin. Ƙa'ida ce."

"Na sani."

Wannan ne karo na farko da ba ta kira shi Tata ba. Ya ji abin har cikin ƙashinsa, ya tashi ya ɗauki jakarsa.

Amsar kwamishina ta zo Juma'a da azahar: tuta, masu kaki shida, motar sintiri ɗaya a gaban motar gawa. Ba harbin bindiga. Kafin la'asar labarin ya gama Luxolweni, don ba a taɓa yin sirrin da ya kwana biyu a caji ofis ba. Mai shagon da Fezile ke sayen burodi ya ba shi canji bai dube shi ba. Jikarsa ta kira sau ɗaya, ya ga sunanta a waya, ya bar ta tana ƙara har ta gaji.

Asabar tantin da aka kafa a ƙofar gidan ya cika ya tumbatsa. Mata na ta dafa masara da wake a manyan tukwane a bayan gida. 'Yan ƙungiya sun zo da jajayen rigunansu, sun yi waƙoƙinsu, ba wanda ya zo ya kamo hannun Fezile. Ya samu wuri a baya kusa da tankin ruwa ya tsaya. Willem ya yi jawabi, ya sa mutane dariya da labarin karen da aka ƙwace wa kujera, bai ambaci sunan kowa ba.

Da aka fito da akwatin, tuta a shimfiɗe a kansa, Fezile ya ratsa mutane har inda Nomawethu take tsaye lulluɓe da bargo, mata biyu na riƙe da ita. Ya buɗe jakar leda ya fito da hular. Bajon ya dushe, amma a cikin rufinta sunan Makasi na nan da tawada.

"Faɗuwa ta yi ranar da na jawo shi, Sisi. Ni na tsince ta."

Ta dubi hular ta dube shi. "Na sani, Bhuti. Ranar da ya fito kurkuku ya gaya min tana wajenka. Me kake tsammani ya sa na aika a kira ka, ba wani ba?" Ta gyara bargonta. "Ya ce abin da ya fi yi masa ciwo ba jan ba ne. Ya ce ka ja shi da ƙarfin da ya fi wanda aka umarce ka."

Fezile bai musa ba. Haka aka yi. Laftanar na kallo, shi kuma yana so a gani.

"Kada a sa ta a kan akwati tukuna," ta ce. "Ka san inda za ta zauna."

Motar sintirin na tsaye a gaban layi, ita ce guda ɗayan da ke tashi. Kurtun da ke tuƙi, ganin tsohon kyaftin ya nufo shi, ya yi abin da ya saba, ya zagayo da sauri ya buɗe masa ƙofar gaba. Fezile ya sunkuya ya ajiye hular a tsakiyar kujerar, bakinta na kallon hanya, ya rufe ƙofar a hankali. Sannan ya zagaya baya, ya buɗe keji, ya dafa ƙarfe. Gwiwa ta ƙi, ya sake gwadawa, ya hau da rarrafe ya zauna a kan bencin ƙarfe, kansa a sunkuye don rufin bai ƙara tsawo ba.

Waƙa ta tsaya. Kurtun ya dubi Khanyisa, Khanyisa ta dubi ƙasa. Ƙofar kejin ba ta rufuwa daga ciki, in kuma ba a zura sakata ba za ta yi ta bugawa a hanya. Ba wanda ya motsa.

"Me ake jira?" in ji Willem, yana juya kai. "Me ya faru? Ku gaya wa makaho mana."

Nomawethu ta zame hannunta daga na matan da ke riƙe da ita. Ta taka har bayan motar, ta tura ƙofar, ta kama sakatar da hannu biyu don ta yi tsatsa, ta zura ta har ƙarshe. Ta leƙa ta ragar ƙarfen.

"Ka riƙe da kyau, Bhuti," ta ce. "Har yau ba a sa wa hanyar maƙabarta kwalta ba."